Daga Kasuwar Badarawa zuwa Bejin: Tarihin Masu Koyon Harshen Abokin Ciniki

A ƙarshen watan Maris na shekarar 1853 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth ya sauka Badarawa. Daga Katsina ya taso, ya biyo ta Zurmi, yana kan hanyarsa ta zuwa wajen Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Ya yi sa'a ya tarar kasuwa na ci. A littafin tafiye-tafiyensa ya ƙiyasta mutanen da suka hallara da kusan 10,000, ya kuma ce auduga ta fi kowace haja yawa, ga dawa jibge, ga nama ana sayarwa kashi-kashi, ga man shanu curi-curi. Barth bai tsaya gefe yana kallon bakin mutane ba. Ya iya Larabci tun kafin ya baro gida, ya koyi Hausa a hanya, har ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim. Da kunnensa yake jin farashi, da bakinsa yake tambayar sunan gari da na gulbi, da wa ke gaba da wa, yana rubutawa. Kwanaki kaɗan bayan haka ya gana da Sarkin Musulmi a Gawasu, ya samo takardar da ta ba fataken Ingila izinin ciniki a ƙasar.

A cikin ayarinsa akwai wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, sunansa Dorugu. Shi ne Barth ya tafi da shi Ingila a 1855, inda wani ɗan mishan, J. F. Schön, ya zaunar da shi yana ba da labari, shi kuwa yana rubutawa. Daga bakin yaron nan aka samo kaso mai yawa na abin da ya shiga littafin nahawun Hausa na Schön na 1862 da kuma Magana Hausa na 1885. Da irin waɗannan littattafai Turawan da suka biyo baya suka fara koyon harshenmu tun suna gida.

Tun daga wancan lokaci abu guda yake ta maimaita kansa a wannan yanki: baƙon da ke son abin da ke ƙasarmu yakan riga mu koyon harshe. Sinawa su ne na baya-bayan nan. Wannan rubutu zai bi sawun yadda suka koyi namu, da yadda aka soma tura 'yan Afirka su koyi nasu, da abin da ya rage mana mu yi.

Tafinta da mai duba tafinta

Lokacin da Lugga ya ci Sakkwato a watan Maris na 1903, ya tara manyan gari ya yi musu jawabin sharuɗɗan sabon mulki. Tafinta ne ya juya jawabin, amma a gefe akwai Manjo Burdon, Bature mai jin Hausa, yana bin fassarar kalma bayan kalma don kada a rage ko a ƙara. A ɓangaren waɗanda ake yi wa jawabin kuwa, sai abin da tafinta ya faɗa. Gefe ɗaya yana da kunne biyu, ɗayan yana da kunne guda, na aro.

Turawan mulki sun san darajar wannan. Sun ɗora wa jami'ansu cin jarrabawar Hausa kafin ƙarin girma. Hanns Vischer ya ƙware har aka yi masa laƙabi da Ɗan Hausa, shi ne kuma ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, inda Dorugu ya yi koyarwa a ƙarshen rayuwarsa. A 1934 ƙamus ɗin Bargery ya fito, mai nuna karin sautin kalmomi. Duk wannan wahala ba don sha'awar karin magana kaɗai aka sha ta ba. Haraji ake son karɓa, shari'a ake son sa wa ido, gyaɗa da auduga ake son auna wa.

Audugar nan da Barth ya gani ita da gyaɗa suka jawo layin dogo. A 1929 reshen da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya ƙare a Ƙaura Namoda, garin ya zama tashar ƙarshe inda amfanin gonar Shinkafi da Zurmi da Isa ke taruwa kafin ya gangara teku. Bayan samun 'yanci, auduga ta sake kawo wasu baƙin. A tsakiyar shekarun 1960 wani attajiri daga Hong Kong, Cha Chi-ming, ya kafa masaƙar UNTL a Kaduna, daga baya rukunin kamfanoninsa ya haɗa da masaƙar Funtuwa da ta Zamfara da ke Gusau. Ke nan akwai iyaye da kakanni a wannan jiha da suka yi aiki a masaƙar Sinawa tun ba a haifi yawancin masu karanta wannan rubutu ba.

Murya daga Bejin

Ranar 1 ga Yuni, 1963, gidan rediyon ƙasar Sin ya fara watsa shirye-shirye da Hausa, shekara shida bayan BBC ta fara nata a 1957. A lokacin babu ko huldar jakadanci tsakanin Nijeriya da Sin, don ba a ƙulla ta ba sai ranar 10 ga Fabrairu, 1971. Jamhuriyar Nijar ta bi sahu a 1974, shekarar da Janar Yakubu Gowon ya kai ziyara Bejin. Wato shekara takwas kafin a buɗe ofishin jakadanci, Sinawa sun riga sun ware mutane da kuɗi don yi wa Bahaushe magana da harshensa.

Ba su tsaya nan ba. Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta Bejin tana koyar da Hausa har matakin digiri. Duk mai sauraren sashen Hausa na rediyon Sin ya san ma'aikatansa Sinawa masu amsa sunaye irin su Bello da Kande da Murtala, suna jero karin magana ba gargada. A Kano ma, a watan Afrilu na 2019, Sarki Muhammadu Sanusi II ya naɗa wani ɗan kasuwa Basine, Mike Zhang, sarautar Wakilin 'Yan China. Wanda ya shiga Kantin Kwari zai iya cin karo da Basinen da ke taya atamfa da Hausa.

Mu fa? Kowane ɗan makarantar allo ya taɓa jin maganar nan ta neman ilimi ko da a Birnin Sin ne. Malaman hadisi sun yi magana a kan raunin isnadinta, amma ta zauna a bakin mutane, har Birnin Sin ya zama ma'aunin nisa. Mun riƙe maganar, mun daɗe ba mu yi tafiyar ba.

Makarantar share fage

Tsarin zaunar da baƙo a ɗura masa Sinanci cikin ƙanƙanen lokaci ya fara ne a 1950, lokacin da Jami'ar Tsinghua ta buɗe aji na musamman ga ɗaliban gabashin Turai. Masar ce ƙasar Afirka ta farko da ta ƙulla hulɗa da sabuwar gwamnatin Sin a 1956, ta kuma tura ɗalibai huɗu a shekarar. Da ƙasashen Afirka suka fara samun 'yanci a jere, sai aka buɗe ofishin kula da ɗaliban Afirka a Kwalejin Harsunan Waje ta Bejin a 1960. A 1962 aka ware makaranta mai zaman kanta ta share fage ga ɗaliban waje, wadda ta zama Kwalejin Harshe ta Bejin a 1964. Ita ce yau ake kira Jami'ar Harshe da Al'adu ta Bejin. Manufarta a fili take: ka zo ba ka san ko gaisuwa ba, a yi maka shekara ɗaya ko biyu ta harshe zalla, sannan a tura ka karatun likita ko injiniya tare da 'yan ƙasa.

Farawar ba ta yi daɗi ba. Ɗaliban farko sun iso ne ƙasar na fama da yunwar 1959 zuwa 1961. Ko da yake alawus ɗinsu ya fi na ɗalibai 'yan ƙasa nesa ba kusa ba, sun koka da cusa musu siyasa a cikin darasi, da sa ido kan duk Basinen da ya yi abota da su, da wariyar launin fata. Wani ɗan Gana, Emmanuel Hevi, ya rubuta littafi a kan zamansa, aka buga a 1963. A lissafinsa, cikin ɗaliban Afirka 118 da ke can, 96 sun tattara sun koma gida kafin ƙarshen 1962. Da Juyin Al'adu ya ɓarke a 1966 aka sallami ɗaliban waje gaba ɗaya.

Layin dogo ne ya sake buɗe ƙofar. Sin ta ɗauki aikin shimfiɗa dogon TAZARA mai tsawon kilomita 1,860 tsakanin Tanzaniya da Zambiya daga 1970 zuwa 1975, sai ya zama dole a sami 'yan ƙasa da za su riƙe shi. A 1972 aka kai matasa 200 daga ƙasashen biyu Bejin don koyon aikin jirgin ƙasa, da harshe suka fara. A 1973 aka koma karɓar ɗaliban waje a hukumance. Rikici bai ƙare ba, domin a jajibirin Kirsimeti na 1988 faɗa ya kaure tsakanin ɗaliban Afirka da 'yan ƙasa a Jami'ar Hehai da ke Nanjing, aka yi kwanaki ana zanga-zangar ƙin baƙaƙen fata. Duk da haka adadin bai daina hawa ba, musamman bayan kafa dandalin haɗin gwiwar Sin da Afirka a 2000. Alƙaluman ma'aikatar ilimin Sin sun nuna a 2018 akwai ɗaliban Afirka 81,562 a ƙasar, kuma a taron dandalin na wannan shekara aka yi alkawarin guraben tallafin karatu 50,000.

A Nijeriya, cibiyoyin Confucius biyu na farko, masu koyar da Sinanci, duk a Kudu aka kafa su: ta Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka a 2008, da ta Jami'ar Legas a 2009. A Arewa, hanyar da ta fi fitowa fili ta sake biyowa ta dogo. Kamfanin CCECC, wanda ya gina layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, ya ɗauki nauyin ɗalibai zuwa Sin, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ƙulla shiri da Jami'ar Central South da ke Changsha, inda ɗalibin injiniya ke yin shekara uku a Zariya, biyu a can.

Sai dai akwai wani rami a nan. Jami'o'in Sin da dama suna da kwasa-kwasan da ake koyarwa da Ingilishi, har da na likita. Ɗalibi na iya yin shekara biyar a ƙasar, yana zaune cikin 'yan uwansa baƙi, ya dawo da takardar shaida da Sinancin da bai wuce na sayen abinci ba. Ya je bakin rijiya ya dawo da guga a bushe.

Yadda shekarar take

Wanda ya shiga shirin harshe na gaske, rayuwarsa kan koma abu guda. Ana shiga aji da ƙarfe takwas na safe, a yi sa'a huɗu, kwana biyar a mako, a wasu shirye-shiryen a koma da rana. An raba darussan: akwai na nahawu da sababbin kalmomi, akwai na magana, akwai na sauraro, akwai na karatu da rubutu. Makonnin farko ba a taɓa komai sai furuci, ta hanyar pinyin, wato rubuta Sinanci da baƙaƙen boko, tsarin da gwamnati ta amince da shi a 1958. Daga nan sai haruffan Sinanci kansu, waɗanda kowanne ke wakiltar gaɓa guda mai ma'ana. Kowane harafi yana da ƙa'idar zanawa, wane layi ke fara sauka, wanne ke rufewa. Kusan kullum da shifta ake buɗe aji: malama ta faɗi kalmomin jiya, ɗalibi ya rubuta da ka. Wanda ya yi barci bai yi bita ba, takardarsa za ta tona shi kafin ƙarfe tara.

Yawan abin da ake nema ba kaɗan ba ne. Jadawalin haruffa da gwamnatin Sin ta fitar a 2013 yana da 8,105, amma 3,500 na farko su ne na amfanin yau da kullum. Jarrabawar ƙwarewa ta HSK, wadda aka fara tsarawa a Kwalejin Harshe ta Bejin a 1984, an kasa ta matakai shida a 2010: mataki na huɗu yana neman kalmomi 1,200, na biyar 2,500, na shida 5,000. A 2021 aka fitar da sabon ma'auni mai matakai tara. Mataki na huɗu shi ne abin da jami'o'i da yawa ke nema kafin su bar ɗalibi ya shiga ajin kimiyya da Sinanci, kuma mai himma yana kai wa gare shi cikin shekara guda.

Amurkawa sun ƙara wa tsarin wani tsanani. Kwalejin Middlebury, wadda ta fara makarantun harshe na bazara a 1915, takan sa ɗalibi ya sa hannu kan alkawarin ba zai yi wani harshe ba sai wanda ya zo koyo, a aji ne ko a ɗakin cin abinci. Shirin Jami'ar Princeton na mako takwas a Bejin, wanda aka fara a 1993, ya ɗauki wannan ƙa'ida. Hikimar a bayyane take: harshe ba ya zama sai an toshe wa mutum hanyar gudu. Nijeriya ma ta san haka. Da tura ɗalibai waje ya gagara saboda tsada, sai aka kafa ƙauyen Faransanci a Badagry a 1991 da na Larabci a Ngala a 1992.

Cibiyar horar da jami'an jakadancin Amurka ta sa Sinanci a rukunin harsunan da suka fi wa mai jin Ingilishi wuya, masu cin mako 88, kimanin sa'a 2,200 a aji. Wannan adadi kan tsorata mutane. To, amma a duba waɗanda ke cikin rukunin tare da shi: Japananci, Koriyanci, da Larabci. Larabcin da malaman ƙasar nan suka yi ƙarnoni suna rubuta littattafai da waƙoƙi da shi, a zaure, da fitilar aci-balbal.

Guzurin da Bahaushe ya riga ya tanada

Abin da ya fi kayar da Bature a ajin Sinanci shi ne karin sauti. Gaɓar ma, idan aka ja ta sama a miƙe, uwa ke nan. Idan ta hau, rama ce. Idan ta nutse ta taso, doki. Idan ta faɗo da ƙarfi, zagi. Wanda ya fi shafar ɗan kasuwa: mai da kari na uku saye ne, mai da kari na huɗu sayarwa. Mai jin Ingilishi sai ya yi watanni kafin kunnensa ya yarda cewa hawa da saukar murya na canja ma'ana.

Bahaushe da wannan aka haife shi. Da me muke bambanta wuya na jiki da wuya ta wahala? Da me muke raba kuka na hawaye da kuka ta miya, ko kai na bisa kafaɗa da kai da nake wa magana? Karin sama, karin ƙasa, da faɗau. Ba ma rubuta su, amma ko yaro ɗan shekara huɗu ba ya kuskure su. Makaɗan wannan yanki, irin su Ibrahim Narambaɗa na Tubali, da wannan kari suka sa kotso ya yi magana. Karin Sinanci ya bambanta da namu, don biyu daga cikin huɗun suna hawa ko lanƙwasa a cikin gaɓa guda ta hanyar da ba mu saba ba, amma kunnen da ya san kari ya riga ya yi rabin tafiya.

Nahawun ma bai kai namu sarƙaƙiya ba ta wasu fuskoki. Babu jinsin namiji da mace a sunaye, har shi da ita furucinsu ɗaya ne. Babu jam'i iri-iri kamar gida da gidaje, doki da dawaki. Aikatau ba ya sauya siffa don nuna lokaci, ƙananan kalmomi ne ke yin wannan aiki, kusan yadda ya da zai da yana ke yi mana.

Rubutun shi ne dutsen. Amma wanda ya yi makarantar allo ya san hanyar hawansa. Ya fara da babbaƙu, ya wuce farfaru, ya rubuta, ya biya, ya wanke, ya sake rubutawa. Ya san tilawar asuba, ya san hadda. Akwai alarammomi a garuruwanmu da ke rubuta Alƙur'ani sukutum da ka, da wasali da ɗigo. Al'ummar da ta reni irin wannan ƙwaƙwalwa ba za ta ce haruffa 3,500 sun fi ƙarfinta ba. Barin gida don karatu ma ba baƙon abu ba ne, da shi almajirci ya ginu, kuma fataken goro da suka bi hanyar Gwanja sun zauna a zango sun koyi harsunan masu masaukinsu.

Ɗalibi Musulmi zai tarar da abin da bai zata ba. A Bejin akwai masallacin Niujie da ya haura shekara dubu, a Guangzhou akwai na Huaisheng. Jami'o'i da yawa suna da ɗakin abincin halal, ana gane shi da kalmar qingzhen. Musulmin ƙabilar Hui har ajaminsu gare su, xiao'erjing, Sinanci da baƙaƙen Larabci. Zai kuma tarar da abin da ba ya faranta rai: gwamnati na sa ido sosai kan harkar addini, kuma a watan Agusta na 2022 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da rahoton take haƙƙin Musulmin Uighur a Xinjiang, abin da Sin ta musanta. A watan Afrilu na 2020 kuma, lokacin korona, an kori 'yan Afirka daga gidajen haya da otal a Guangzhou, har Kakakin Majalisar Wakilai Femi Gbajabiamila ya kira jakadan Sin ya nuna masa ɓacin ran Nijeriya. Mai shirin tafiya ya tafi da idonsa biyu.

Waya ta sauƙaƙa wani ɓangare na aikin. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san irin faman da aka yi kafin ɓ da ɗ da ƙ su zauna daidai a kan allo. Sinawa dubban haruffa suka shigar: ma'aunin da suka tsara a 1980 ya ɗauki 6,763. Yau mutum kan rubuta furucin da pinyin, waya ta jero masa haruffa, ya zaɓi wanda yake nufi. Gane harafi ya zama ya fi zana shi da hannu muhimmanci a harkar yau da kullum. Tecno ko Itel ko Infinix da ke hannunka, mai karatu, ta kamfanin Transsion ce na birnin Shenzhen, kuma tana iya wannan. Sai dai waya ba ta maye gurbin malamin da zai tsayar da kai ka maimaita gaɓa guda sau ashirin. Mutanen Zamfara kuma sun ga yadda aka katse layukan sadarwa a watan Satumba na 2021, aka wayi gari waya ta zama fitila kawai.

Abin da ke cikin faifai

Wani zai ce, mutumin da zuwa gona ke neman gagararsa, wanda ke bin hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da addu'a a baki, ina shi ina Sinanci? Tambayar tana kan hanya. Tsaro ne gaba da komai. Amma ciniki bai jira zaman lafiya ba.

Masaƙun Kaduna da Gusau sun yi shiru, UNTL ta rufe a 2007, atamfar da ake sawa a bukukuwanmu yawancinta yanzu daga Sin take zuwa. Babur da injin ban-ruwa da farantin sola da fitila, a duba jikinsu a ga inda aka ƙera. 'Yan kasuwarmu suna zuwa Guangzhou da Yiwu, da yawansu kuma da na'urar lissafi da bakin dillali suke ciniki. Abin da mai masana'anta ya faɗa wa dillali game da ingancin kaya da ainihin farashi, mai kuɗin ba ya ji.

Ga kuma abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Zinaren Zamfara ya riga ya ci rayuka: a 2010 gubar dalma daga duwatsun da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A watan Afrilu na 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar, ta umarci baƙi su bar wuraren haƙa. Bayan shekara guda 'yan sanda suka sanar da kama Sinawa biyu a ƙaramar hukumar Bukkuyum bisa zargin haƙa ba izini. A watan Disamba na 2024 aka ɗage haramcin. Masu jari za su zo, cikinsu da na kirki da na banza, kamar kowace al'umma. Za a zauna da hakimai da masu gonaki, za a yi maganar diyya, da ruwan sha, da inda za a zubar da dagwalo, da albashin lebura. Idan duk mai jin harsunan biyu a wurin zaman albashinsa daga aljihun baƙo yake fitowa, to an koma Sakkwato ta 1903.

Ba taron jama'a ake bukata ba. A 2025 an sanar da saka Sinanci cikin harsunan waje da ɗaliban babbar sakandare za su iya zaɓa, amma darasi ba ya koyar da kansa, sai da malami. Abin da jiha ko attajiran yanki za su iya yi shi ne su zaɓi matasa kaɗan, maza da mata, waɗanda suka riga suka riƙe wata sana'a, daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, ko Jami'ar Tarayya ta Gusau, ko makarantun Islamiyya. Mai ilimin ma'adinai, da lauya, da malamar asibiti, da makanike. A tura su shekarar harshe cikakkiya, a biya kuɗin a kan kari don kada yunwa ta kore su daga aji, a sa musu sharaɗin cin mataki na huɗu ko na biyar kafin su dawo. Harshe shi kaɗai tafinta yake samarwa. Harshe da sana'a su ke samar da wanda zai karanta takardar yarjejeniya ya ce wannan layi bai yi mana ba.

Sharaɗi na ƙarshe daga Dorugu za a ɗauko shi. Ya ga Timbuktu, ya ga Landan, ya iya Ingilishi, amma abin da ya sani a littafin wani ya ƙare, don amfanin mutanen wani. Waɗanda za su je Birnin Sin su dawo su rubuta mana da Hausa: littafin koyon Sinanci da zai fara da wuya da wuya maimakon ya ratsa ta Ingilishi, da ƙamus na kalmomin kasuwa da na ma'adinai, da darussan murya da za a iya turawa waya zuwa waya ko babu intanet. Sinawa sun yi nasu aikin a kan harshenmu fiye da shekara sittin da suka wuce, ba kuwa laifi suka yi ba. Namu ne ya rage. Allah ya ba mu zaman lafiyar da za mu yi shi.